Faifai uku na daren bankwanan LCD Soundsystem, a kunnen mai fiyano

Ƙanina da ke aikin jinya a Amurka ne ya kawo mini shi lokacin da ya zo ƙaramar sallah, a cikin jakar tsaraba, tsakanin turare da takalman yara. Kwali ne ɗan madaidaici mai faifan DVD uku na wasan bankwanan wata ƙungiyar makaɗa ta Amurka, LCD Soundsystem. Da ya miƙo mini sai ya ce, "Yaya, wannan naka ne kai kaɗai. Kada ka saka shi a talabijin ɗin falo. Ka kai shi situdiyo ka haɗa da manyan sifikunka, ka rufe ƙofa." Na bi maganarsa, kuma ga shi wata biyar ke nan ban daina komawa kansa ba.

Shekara 19 ina buga fiyano a Kaduna. Mawaƙi ya zo da baitinsa, in zauna ni kaɗai in ɗora masa ganga, in ɗora bes, in ɗora sarewa, duk daga cikin akwati ɗaya. Ranar biki kuma mu ɗauki sifika da janareto mu je, a saka waƙar, mawaƙin ya riƙe makirufo yana bin ta da baki, a yi masa liƙi, a tashi. Da wannan sana'ar na yi aure, da ita nake biyan kuɗin makarantar yara, ba na raina ta. Na faɗi haka ne don mai karatu ya san da wane kunne na saurari wannan kaya.

Sunan fim ɗin Shut Up and Play the Hits, ya fito a 2012, Dylan Southern da Will Lovelace ne suka ba da umarni. Faifai na farko shi ne fim ɗin kansa, bai kai awa biyu ba. Sauran biyun kuma wasan ne cikakke, kimanin awa uku da rabi, wanda ƙungiyar LCD Soundsystem ta yi a zauren Madison Square Garden na birnin New York ranar 2 ga Afrilu, 2011, a matsayin wasanta na ƙarshe. Sunan ma daga bakin wani baƙo ya fito a daren: jagoran ƙungiyar ya tsaya yana dogon jawabi, sai Win Butler na ƙungiyar Arcade Fire ya katse shi cikin raha da cewa ya yi shiru ya buga waƙoƙin da mutane suka zo ji.

Jagoran nan shi ne James Murphy, haifaffen jihar New Jersey a 1970. Abin da ya fara jawo ni gare shi shi ne ɗan sana'armu ne tun kafin ya zama mawaƙi. Ya yi kiɗan ganga a ƙananan ƙungiyoyin da ba su yi wani suna ba, ya kuma yi shekaru yana zama a bayan miksa yana daidaita wa wasu sauti. A 2001 suka kafa kamfanin faifai na DFA tare da Tim Goldsworthy da Jonathan Galkin. Waƙarsa ta farko da sunan LCD Soundsystem, wato Losing My Edge, ta fito a 2002 yana da shekara 32, shekarun da a harkar kiɗan rawa ake ganin mutum ya fara tsufa. Kuma a kan tsufan ma waƙar take: mutumin da ya san tsofaffin faifai kamar yunwar cikinsa, yana jin takun yara a bayansa, yaran da suka samu a intanet cikin dare ɗaya abin da shi ya kwashe shekaru yana tarawa. Ranar da ƙanina ya fassara mini ita baiti-baiti sai da na yi shiru na ɗan lokaci. Akwai yara a layinmu da ba su taɓa ɗora yatsa a kan fiyano ba, da kwamfuta kawai suke haɗa kiɗa, kuma wallahi wasunsu sun iya. Mawaƙan da a da suke layi a ƙofata yanzu wajensu suke zuwa.

Kundi uku suka fitar kafin daren bankwanan: na farko mai sunan ƙungiyar a 2005, Sound of Silver a 2007, sai This Is Happening a 2010, wanda ya shiga sahun goma na farko a Billboard, jadawalin kundayen da suka fi kasuwa a Amurka. A tsakani akwai wani dogon kiɗa mai suna 45:33 da kamfanin Nike ya sa ya yi a 2006 domin masu gudun motsa jiki. A waɗannan kundaye, yawancin kayan kiɗan Murphy ne yake bugawa da kansa a situdiyo, ɗaya bayan ɗaya, yana ɗorawa. Wato dai aikina. Inda muka rabu shi ne abin da yake yi idan ya fito gaban jama'a.

Dandamalin da za ka gani a faifai na biyu ya fi kama da shagon mai gyaran rediyo a kasuwa. Wayoyi ta ko'ina, tsofaffin na'urorin ƙirƙirar sauti da ake kira sintisaiza an jera su a kan tebura, amsa-kuwwa a tsaitsaye, mutane sun cunkushe a tsakani har kafaɗa na gogar kafaɗa, duk da faɗin wurin. Mai ganga, Pat Mahoney, ba a kai shi can baya an ɓoye ba kamar yadda aka saba. Yana gaba, a gefe, ya ba jama'a haƙarƙarinsa, kana ganin ƙafarsa da hannunsa da gumin da ke zuba. Nancy Whang tana kan fiyano da sintisaiza. Tyler Pope yana kan bes. Al Doyle, wanda ɗan ƙungiyar Hot Chip ta Ingila ne kuma, yana tsalle daga jita zuwa wani abin. Shi kuma Murphy yana tsakiya da baƙar kwat da farar riga, ƙato mai furfura a gemu, ya damƙe wata 'yar makirufo mai kusurwa huɗu da hannu biyu. Da ya gama baiti sai ya juya wa jama'a baya ya je ya murɗa wani abu a jikin na'ura, ko ya ɗauki sanda ya taya mai ganga. Ba ya iya barin sauti ya zauna haka nan. Na san wannan ciwon.

Waƙar da suka buɗe da ita, Dance Yrself Clean, ita ce za ta gwada maka sifikunka. Minti uku na farko a hankali take tafiya, 'yar ganga da murya ƙasa-ƙasa, har ka ji kamar ka ƙara sauti. Kada ka ƙara. Ni na ƙara, kuma da bes ɗin sintisaiza ya faɗo sai da gilashin tagar situdiyo ya yi kuka, yaron shagona ya shigo da gudu yana cewa, "Oga, lafiya? Na ɗauka tiransifoma ce ta buga." Murphy ne da kansa ya haɗa sautin wasan, kuma aikin gwani ne: bes ɗin yana da nauyi amma bai haɗiye ƙafar ganga ba, kowanne da mazauninsa. Na zauna da miksa ina rage ƙasa ina ƙara sama don in gano yadda ya raba su. A talabijin ɗin gida ba za ka ji rabin wannan ba, domin ƙananan sifikunsa ba sa sauka inda kiɗan yake zaune.

Ba wai babu inji a wasan ba. Akwai waƙoƙin da na'ura ce ke riƙe da zaren kiɗan tana maimaitawa, amma ko a nan za ka ga mutum tsaye a kanta yana buɗe sautin yana rufewa da hannu, sauran kuma suna bin ta da tsoka. Abin da ya fi kama ni shi ne All My Friends. Fiyano ne yake bugun abu ɗaya, da sauri, ba hutu, sama da minti bakwai. A situdiyo da ni ne, daƙiƙa huɗu zan buga in ce wa kwamfuta ta maimaita. A nan kuwa hannun mutum ne yake yi tun daga farko har ƙarshe, kuma kana jin yadda bugun yake ɗan rinjaya gaba, ya ɗan dawo, mai ganga yana kama shi. Na gwada a kan fiyanona. A minti na uku tsintsiyar hannuna ta ɗauki zafi, a na huɗu na tsaya. Wannan ɗan rinjayen da kwamfuta take gogewa, shi ne yake sa zauren da ke ɗaukar mutum kusan 20,000 ya tashi tsaye gaba ɗaya. Waƙar kuma a kan abokan da shekaru suka raba ka da su take, kuma kyamara tana nuna manyan mutane rungume da juna suna hawaye suna rerawa.

Wanda ya tashi da kiɗan kalangu ba zai ji baƙunta a wannan tsari ba. Zare ɗaya ake kamawa a yi ta juya shi, ba a sauya shi, sai dai a ƙara masa kaya a hankali har jiki ya ɗauka, jagora yana jefa magana 'yan amshi suna karɓa. Har da wani ƙarfe da suke bugawa da sanda, irin ƙararrawar da ake rataya wa shanu a ƙasashensu, wanda amonsa bai da maraba da kugenmu. Kuma akwai hanyar da ta haɗa su da ƙasar nan da gaske. Murphy bai taɓa ɓoye cewa ya sha daga ƙungiyar Talking Heads ba, su kuma kundinsu na 1980 a kan tsarin kiɗan Fela Kuti suka gina shi. Mai gangar nan Pat Mahoney ma yana cikin mawaƙan da suka haɗu a 2014 suna buga waƙoƙin William Onyeabor, mutumin Inugu da ya yi kiɗa da sintisaiza tun shekarun 1970.

Yanzu ga inda ban gamsu ba. Kashi na biyu na wasan, inda suka buga yawancin 45:33 tare da masu busa da ƙungiyar 'yan amshi maza da baƙo Reggie Watts, ya yi mini tsawo. Na gane dalili, dare ne na ƙarshe, suna son su buga abin da ba su saba bugawa ba. Wanda yake cikin zauren yana rawa wataƙila bai ji tsawon ba. Wanda yake zaune a kujera yana kallo zai ji. Sau biyu na kalle shi cikakke don in yi masa adalci, yanzu tsallakewa nake yi zuwa inda suka dawo kan waƙoƙi. Na biyu, masu kyamara sun fi son fuskokin jama'a fiye da hannuwan makaɗa. Sau da yawa daidai lokacin da nake son in ga abin da ake murɗawa a jikin sintisaiza, sai a yanke a kai ni kan wani saurayi yana kuka. Kukan gaskiya ne, ban ƙi ba, amma ni hannun nake nema. Na uku, kuma wannan gargaɗi ne ga iyaye: taro ne na mutanen New York da dare, akwai giya a hannun 'yan kallo, akwai ashar jefi-jefi a bakin mawaƙin, ɗaya daga cikin waƙoƙin ma a kan 'yan mata mashaya take. Ba abin da za a saka a falo yara suna zaune ba ne. Ni a situdiyo nake ajiye shi.

Faifai na farko, fim ɗin, wani abu ne dabam. Yana yawo tsakanin wasan, da wata hira da marubuci Chuck Klosterman ya yi da Murphy kafin daren, da kuma washegarin wasan. Hirar tana da nauyi ga wanda Turancinsa na makaranta ne irin nawa, tambayoyin dogaye ne, wani lokaci sun fi amsar tsawo. Sai da ƙanina ya zauna kusa da ni yana tsayarwa yana bayani. Amma washegarin ba ya buƙatar fassara. Mutumin da jiya dubban mutane suke kiran sunansa ya tashi a ɗakinsa shi kaɗai, ya yi aski, ya fita da ɗan karensa, ya haɗa kofi. Daga baya ya je sito inda aka tara kayan kiɗan ƙungiyar kafin a sayar, ya tsaya a tsakaninsu yana dubawa, sai ya rufe fuska ya fashe da kuka. Nan ne fim ɗin ya same ni. Shekara shida da suka wuce, da rashin lafiyar mahaifiyarmu ta yi tsanani, na sayar da fiyanona na farko, wanda na yi shekara biyu ina tara kuɗinsa. Da mai saye ya ɗora shi a bayan babur sai na koma cikin shago na kasa fitowa har la'asar. Ban taɓa zaton zan ga wannan tsayuwar a jikin wani Bature a New York ba.

Wasan ya ƙare da waƙarsu ta birnin New York, fararen balan-balan suna zubowa daga rufin zauren a kan jama'ar da aka roƙa su zo cikin fararen kaya da baƙaƙe. Tikitin daren ya ƙare cikin ƙanƙanin lokaci, 'yan bumburutu suka saye da yawa suna tsuga kuɗi, abin da ya fusata Murphy har ya ƙara wasa huɗu a wani zaure mai suna Terminal 5 a kwanakin da suka gabaci na ƙarshen. Mutane sun taso daga garuruwa masu nisa saboda an ce musu ba za a sake ba.

Da na gama kallon farko na kira ƙanina, lokacin ya je gaida surukansa a Zariya, na ce masa abin ya taɓa ni, mutum ya ajiye sana'a tana kan ganiyarta. Sai ya ce, "Ai Yaya sun dawo tuni." Haka ne kuwa. A jajibirin Kirsimeti na 2015 suka saki sabuwar waƙa, a 2016 suka jagoranci bikin kiɗa na Coachella, a watan Satumba na 2017 suka fitar da American Dream, wanda ya hau mataki na ɗaya a jadawalin Billboard, abin da ba su taɓa samu ba kafin bankwanan. Waƙar Tonite daga cikinsa ta ci musu kyautar Grammy a 2018. Murphy ya rubuta wa masoyansu doguwar wasiƙa a farkon 2016 yana amsa cewa wasu sun ji kamar an ci amanarsu, ya kuma ba su haƙuri. Ya faɗi a hirarraki cewa shahararren mawaƙin Ingila David Bowie, wanda Murphy ya taya kiɗa kaɗan a kundinsa na ƙarshe, yana cikin waɗanda suka ƙarfafa masa gwiwar dawowa. Daga 2021 kuma suka ɗauki al'adar kama zaure ɗaya a New York su yi ta wasa dare bayan dare a ƙarshen shekara, sun yi irin haka a Brixton da ke Landan ma.

Na kwana biyu ina juya wannan labari. Ban ga laifin dawowarsu ba. Mai kiɗa idan waƙa ta zo masa ba ya iya korar ta, kuma wanda ya rantse ya bar sana'arsa yana da shekara 41 bai san abin da shekara 46 za ta zo masa da shi ba. Amma gaskiya ita ce dawowar ta rage wa faifai na farko nauyi. Duk tambayoyin nan na me ya sa ka daina, me za ka yi nan gaba, yanzu ka san amsarsu, kuma ba ita ce wadda ake bayarwa a fim ɗin ba. Faifai na biyu da na uku kuwa babu abin da ya taɓa su. Mutanen da ke kan dandamalin a daren sun yi imani ba za su sake buga waɗannan waƙoƙi tare ba, kuma hakan yana cikin hannunsu. Ka saurari Someone Great, waƙar rashin wani makusanci, ka ji yadda muryar Murphy take rawa a kan ƙaramar ƙararrawar da ke bin ta. Ba a shirya irin wannan.

Don haka idan za ka nema, saboda faifai biyun nan za ka nema. Wanda ba ya son hoto, an fitar da sautin wasan shi kaɗai a 2014 da sunan The Long Goodbye, a faifan garmaho guda biyar, kuma ana samunsa a manhajojin sauraron waƙa. Sai dai ni ina ganin ɗan sana'a ya kamata ya gani da ido, ya ga inda aka ajiye mai ganga, ya ga mutum nawa ake buƙata kafin a fitar da abin da mutum ɗaya ya haɗa a ɗaki. Mai neman waƙar soyayya mai daɗin murya ba zai samu a nan ba, Murphy rabin waƙarsa magana ce, wani wurin ma ihu. Wanda kuma ba shi da sifika mai saukar da bes, ya nemi babbar abin sawa a kunne mai kyau, ko ya je wurin abokin da ke da ita.

Watan jiya aka ba mu aikin wani kamu a Unguwar Rimi. Na roƙi mawaƙiyar da nake yi wa kiɗa ta bar ni in gwada waƙa ɗaya tak ba tare da an saka faifai ba. Ta ce, "Malam, in na ɓata fa a gaban mutane?" Na ce mu gwada a situdiyo tukuna. Na kira wani dattijo mai kalangu da muka daɗe ba mu yi aiki tare ba, na ba yaron shagona kuge, ni na riƙe bes da fiyano. Kwana uku muna maimaitawa. Ranar kamun, a baiti na biyu ta manta layi, ta tsaya. Dattijon bai tsaya ba, ya ci gaba da juya zaren yana kallonta, ni ma na bi shi, har ta kamo ta shigo. Da ta hango uwar amarya ta taso, sai ta saka sunanta a waƙar nan take, abin da faifai ba zai taɓa bari ta yi ba. Waƙar da muka tsara minti biyar sai da ta kai goma sha ɗaya. Kuɗin mai kalangu daga aljihuna ya fita, kuma na riga na gaya masa akwai wani bikin ranar Asabar ta sama.